Daren da Na Kalli Ƙwallo Har Ƙarshe a Maraɗi

Tun da aka dawo daga dogon hutu 'yan ajinmu suke tsokanata da sunan "ɗan ƙasar waje". Wasu kuma sun ce Maraɗi ba ƙasar waje ba ce, tunda ba jirgin sama na hau ba. Ni dai na ga tuta daban, na riƙe kuɗi daban, kuma an tsayar da mu a kan iyaka an duba takardu. Shugaban kulob ɗinmu ya ce in rubuta yadda aka yi a liƙa a allo, to ga shi.

Gwaggona, ƙanwar Babanmu, a Maraɗi take aure. Da ma takan zo ganin gida kowace shekara. Sai aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka. A cikin wannan rufewar ta haihu, aka yi suna babu ko mutum ɗaya daga gidanmu. Kakarmu ta daɗe tana kukan wannan abu. An buɗe iyakar a watan Maris na 2024, amma sai da aka gama maimai Baffa ya samu sarari. Kaka ba ta iya doguwar tafiya saboda ƙafa. Ta haɗa daddawa da kuka da man shanu da turmin atamfa, ta ce a tafi da ni in gano mata jaririyar da idona, wai Baffa bai iya ba da labari ba, duk abin da aka tambaye shi sai ya ce lafiya lau.

In ka dubi taswira, Maraɗi ba ta da nisa da mu. Daga Ƙaura ka bi Zurmi, ka wuce Gurbin Ɓaure, ka faɗa Jibiya, shi ke nan ka kai bakin iyaka. Ba sai na gaya muku dalilin da ya sa Baffa bai ko ɗauko maganar wannan hanya ba. Muka zagaya ta Gusau da Tsafe da Funtuwa da Malumfashi, muka kwana Katsina. Ita ma hanyar Tsafe babu wanda ya yi hira a cikin mota sai da muka wuce 'Yankara. Wata tsohuwa da ke kusa da ni carbi kawai take ja. Washegari muka bi Jibiya da Magama, muka tsallaka Ɗan Isa, kafin azahar muna Maraɗi.

Tutarsu ruwan lemo ce a sama, fari a tsakiya da ɗigo kamar rana, kore a ƙasa. Allunan bakin hanya duk da Faransanci. Amma geron da na baro a Sakajiki yana fitar da kai, shi na tarar a gonakinsu. Magana ma haka. Wallahi na fi jin Hausar Maraɗi a kan ta masu fim ɗin Kano. Da muka sauka tasha wani mai kabu-kabu ya ce da Baffa, "Alhaji, mi kuka jira? Ku hau mu tahi." Sai ka ce a tashar Ƙaura muke. Inda muka bambanta shi ne su makaranta lakwal suke cewa, malamin boko mushe, asibiti kuma likita.

Kuɗi ne suka fara nuna mini cewa na bar gida. Naira dubu biyar na tara, daga taya wani maƙwabcinmu noma da kuma barka da sallar da na ɓoye. A wurina dukiya ce. Da mai canji ya danna 'yar na'urarsa, abin da ya miƙo mini bai cika jikka biyu ba. Jikka ita ce sefa dubu, kuma a lokacin ta haura naira dubu biyu. Baffa ya ce 'yan shekarun baya ba ta kai naira dubu ba. Lissafinsu kuma da dala ake yi, dala ɗaya sefa biyar ce. In mai ƙosai ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi, in ta ce dala ɗari, 500 ke nan. Duk wanda bai haddace jadawalin biyar ba kada ya shiga kasuwar Maraɗi shi kaɗai.

Ɗan Gwaggo na fari sa'ana ne, wata huɗu ya ba ni. Taubasai ne mu, don haka tun kafin in ajiye jaka aka fara. Na tambaye shi ajinsa, ya ce sankiyem zai shiga in an koma a watan Oktoba. Ashe su daga aji shida suke fara sakandare su gangaro zuwa uku, duk shekarar da ka ci jarrabawa sai lambar ajinka ta ragu. Na ce masa shi ya sa ba ku ci gaba. Ya ce, "Ku da kuka ci gaba, don mi kuɗɗinku ka ci baya?" Ya kuma ƙara da cewa mu ne muka yanke musu wuta wata bakwai lokacin takunkumi, saboda haka duk ruwan sanyin da na sha a gidansu bashi ne.

Jaririyar kuwa ta riga ta fara rarrafe, haƙoranta biyu a ƙasa, kuma goshin Kaka ta ɗauko sak. Na faɗi haka Gwaggo ta yi dariya, daga baya ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Kwana tara muka yi. Mijin Gwaggo ya ba taubashina keke ya ce ya zaga da ni gari, amma kada mu kuskura mu fita bayan gari. Na so in ga tafkin Madarunfa, ya ce a'a, su ma ƙauyukansu na bakin iyaka suna fama da irin abin da muke fama da shi. Muka je ƙofar fada. Abin da ya ba ni mamaki, sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Na tambayi mijin Gwaggo yadda aka yi Sarkin Katsina yake zaune a Nijar. Ya ce lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo sarakunan Katsina na da suka bar birnin suka yo arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi da sarautar. Gobirawa ma bayan an ci Alƙalawa a 1808, daga baya suka kafa Tsibiri, nan kusa da Maraɗi. Sai na tuna malaminmu na tarihi ya gaya mana Namoda, wanda Ƙaura ta ci sunansa, yana cikin waɗanda suka yi yaƙin Alƙalawa. Wannan dai ban faɗe shi da ƙarfi a ƙofar fada ba.

Muka gangara muka ga Gulbin Maraɗi ya cika, jajir da shi. An ce tsohon garin a kwari yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hauro tudu. Ruwan nan ta Jibiya yake shigowa Nijar, ya ratsa ta Maraɗi, ya sake komawa Najeriya ya faɗa Rima, inda Gagarenmu na Ƙaura da Bunsuru su ma suke zuba. Shi babu mai tambayarsa takarda.

A babbar kasuwa na ga gishirin Bilma da dabino da aya buhu-buhu, don yankin Maraɗi ya shahara da noman aya. Na kuma ga kayanmu na Najeriya birjik, takalman roba da sabulu da taliya. A layin masu riguna na tsaya cak. Farar rigar Real Madrid ce a rataye, lamba 9, da sunan Mbappe a baya, alhali mutumin bai ko buga musu wasan gasa ɗaya ba tukuna. Mai shago ya ce jikka biyu da rabi. Na taya, taubashina ya taya, ya sauko jikka biyu ya tsaya. Na shafa rigar na mayar. Ko da kuɗina sun kai, da ba ni da na shiga gidan kallo, ba ni da na tsarabar Kaka.

Abinci a gidan Gwaggo kusan irin namu ne, tuwon gero miyar kuka, fura da rana, dambu da zogale. Furarsu ta fi tamu yaji, nonon kuma ya fi kauri. Ran kwana na uku aka yanka mana ɗan akuya ja. Mijin Gwaggo ya ce wannan ita ce jar akuyar Maraɗi da duniya ta sani. Baffa ya ce a'a, jar akuyar Sakkwato dai. Suka yi ta musu har tukunya ta ƙare. Sabon abu a wurina shi ne cuku, wani busasshen nono ne shimfiɗaɗɗe kamar takarda mai kauri. Da farko kamar kana tauna fata, sai ka tsoma shi a shayi sannan daɗinsa yake fitowa. Wani Buzu mai gadi a layinsu shi ke dafa shayin a 'yar buta kan gawayi, zagaye uku, a ƙananan kofuna. Na farko ɗaci ne da shi kamar maɗaci, na ukun yara ake ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Ni ɗan Madrid ne, kowa a makarantar nan ya sani, har da malaminmu na wasanni da yake ɗan Barcelona, Allah ya shirye shi. Amma tun da na yi wayo ban taɓa kallon wasan dare ba. Wasannin Asabar da Lahadi na la'asar muna gani a gidan kallo. Manyan wasannin Turai kuwa na tsakiyar mako ƙarfe takwas ko tara na dare ake farawa, mu kuma a gidanmu ana idar da isha'i Baba yake sa sakata. Ba laifinsa ba ne. Ko ya bari ma, mai gidan kallon ba ya son ƙarar janareta da dare, don in wani abu ya taso ba za a ji ba. Ranar 22 ga Mayu da Ademola Lookman ya ci Bayer Leverkusen ƙwallo uku shi kaɗai a wasan ƙarshe, ƙungiyar da ta yi wasa 51 ba a doke ta ba, da safe na gani a wayar wani, minti biyu kacal, hoton ma yana tsayawa. Da Madrid ta ci Dortmund biyu da nema ta ɗauki kofin zakarun Turai ranar 1 ga Yuni, ni a bakin rijiya na ji. Kullum labarin ƙungiyata sai ya kwana yake iso ni, kamar tuwon ɗumame.

To ranar Laraba 14 ga Agusta sai ga Madrid da Atalanta, wato ƙungiyar Lookman, za su kara a birnin Warso na ƙasar Folan, mai kofin zakarun Turai da mai kofin da ke biye da shi. Kuma ranar ce Mbappe zai fara buga wa Madrid. Tun safe taubashina yake cewa mu ci tuwo da wuri. Na ɗauka wasa yake. Da magariba ta wuce ya je ya durƙusa ya ce, "Baba, za mu kallon ƙwallo." Mahaifinsa ko ɗago kai bai yi daga rediyo ba, ya ce, "Ku yi salla, kuma ku riƙe baƙo da kyau." Shi ke nan fa. Na dubi Baffa, Baffa ya dubi ƙasa, can ya ce, "Tafi."

Gidan kallon rumfar kwano ce mai bencina, talabijin biyu, dala ashirin kowane kai. Mutane sun fi ɗari. Mai sharhin wasan Faransanci yake yi, ba na jin komai sai sunayen 'yan wasa. Alƙalin wasa arbit suke ce masa, mai tsaron gida gardiyan, satar gida kuma orje. Amma zagin alƙali da Hausa ake yi, iri ɗaya da namu.

Taubashina bai iya riƙe baki ba. Muna zama ya sanar da bencinmu cewa ga ɗan Najeriya. Nan take aka ce ai ga naku can, Lookman, yau za mu ga abin da zai yi. Wani dattijo mai tsagar Gobirawa har kunne ya juyo ya ce, "Ku bar yaro. Lookman Bayarabe na, taubashinmu na. In bai ci ba ni ka hukunta shi." Aka fashe da dariya. Ya tambaye ni garinmu, na ce Sakajiki ta ƙasar Ƙaura. Ya yi shiru kaɗan, ya ce ya san Ƙaura, yana saurayi ya sha kai kaya tashar jirgin ƙasa. Ya ce, "Allah shi kawo muku sauƙi, ɗana." Ya matsa ya ba ni wurin da babu kan kowa a gabana.

Nan na shiga tsaka mai wuya. Da Madrid na zo a zuciyata, amma duk lokacin da Lookman ya karɓi ƙwallo sai bencin nan gaba ɗaya ya juyo ya dube ni, ni kuma sai in ji na miƙe tsaye. A raina na roƙi Allah Lookman ya ci biyu, Madrid ta ci uku. Rabin farko babu ci. Militao ya kusa cin gidansu da ka, ƙwallo ta daki ƙarfen sama, Rodrygo ma ya daki ƙarfe daf da hutu. Aka shimfiɗa tabarmi a waje muka yi isha'i, liman ya ja gajerun surori.

Da aka dawo Atalanta ta kusa ci da ka, Courtois ya yi tsalle ya ture. Minti na 59 Vinicius ya ja ƙwallo ta hagu ya miƙa wa Valverde a bakin raga, sai turawa kawai. Minti na 68 Bellingham ya ba Mbappe, ya ɗaga ta can saman raga. Rumfar nan kamar za ta tashi. Wani ya hau benci, benci ya karye. Abin da ya ɗaure mini kai, duk garin ana maganar an kori sojojin Faransa, a bayan adaidaita ma an rubuta, amma ga mutum ɗari suna ihun sunan ɗan Faransa. Na tambayi taubashina, ya ce Mbappe ba soja ba ne.

Abin da ba zan manta ba shi ne bayan minti na 80. Wasa ya riga ya mutu, biyu da nema, wasu har sun fara fita. Ni ban motsa ba. Na ga an yi canji, na ga ƙarin lokaci, na ji busar ƙarshe da kunnena. Na zauna har aka jera 'yan wasa aka rataya musu lambobi, Lookman ya karɓi tasa fuska a murtuke, aka ɗaga kofi, karo na shida ke nan Madrid tana ɗaukarsa. Taubashina yana ta jan rigata wai me ya rage. Shi ya saba gani.

Muka fito goma ta wuce, gari kamar yanzu aka fara. Masu tsire sun kunna fitilu, mata suna suyar awara, babura suna ta wucewa babu mai waiwayensu. Ni duk babur ɗin da ya taho da gudu sai gabana ya faɗi. Muka zauna teburin mai shayi, dattijon nan Bagobiri ma yana wurin. A nan na ci burodinsu. Dogo ne kamar sanda, bayansa ƙarau-ƙarau, cikinsa laushi, ba shi da zaƙi irin namu. Mai shayi ya tsaga shi ta tsawo, ya zuba soyayyen ƙwai da albasa da yaji, ya naɗe a takarda. Ya haɗa mana kafe da madara mai kauri, ya ɗaga kofi sama yana zubawa har ta yi kumfa. In kuna so ku ji gaskiya, burodinmu ya fi daɗin ci haka nan, amma da ƙwai nasu ya yi gaba. Bakina sai da ya ɗan yi ciwo saboda ɓawon.

Hira ta koma kan ƙasashe. Na ce mu mun ɗauki kofin Afirka sau uku, a 1980 da 1994 da 2013, kuma a 2024 ma mun kai wasan ƙarshe, Kwaddibuwa ta ci mu biyu da ɗaya. Na tambaya su fa. Dattijon ya ce ƙungiyarsu Mena ta je gasar sau biyu, 2012 da 2013, kuma a 2010 ta doke Masar ɗaya da nema a Yamai, lokacin Masar tana riƙe da kofin sau uku a jere. Musa Ma'azu ne ya ci. Ni lokacin ba a ma haife ni ba, amma yadda yake kwatanta cin da hannu da ƙafa sai ka ce jiya aka yi. Ya ce amma in ina son ganin Nijar ta tsaya cik, in zo lokacin kokowar takobi. Ya ce ɗan Maraɗi ne, Kantu, ya fara ɗaukar takobin a Tawa a 1975, a lokacin kuma Isaka Isaka na Doso ya hana kowa sakat. Daga nan teburin ya rabu biyu, aka manta da Mbappe. Da za mu tashi na ciro kuɗi, mai shayi ya ce dattijo ya riga ya biya, wai tarar Bayarabensa da bai ci ba.

Muka tako gida a ƙasa wajen sha ɗaya, muna shurin wata robar ruwa muna ba juna. Ƙofar gida a buɗe take. Baffa na zaune a zaure bai kwanta ba. Ya tambaye ni nawa da nawa, shi da ko sunan Madrid bai iya faɗa ba.

Ana gobe za mu taho taubashina ya ce wa mahaifiyarsa hutu mai zuwa shi ma zai biyo mu Sakajiki, ya ga Kaka, ya kuma ga filin da nake cika baki ina cin ƙwallo. Gwaggo tana ɗaure tsaraba ba ta ce komai ba. Ya sake faɗa. Ta ce ya miƙo mata igiya.

Na sayo wa Kaka cuku da dabino da sauran kuɗina. Na kuma sayi burodi biyu don ƙannena su gani, amma kafin mu iso ya bushe ya zama icce, sai da aka jiƙa shi a koko. Kaka ta zaunar da ni kwana uku tana tambayar goshin jaririya da haƙoranta da irin dariyarta.

An fara gasar zakarun Turai ranar Talata 17 ga Satumban 2024, Madrid da Stuttgart, ƙarfe takwas na dare. Ina kwance a ɗaki ina lissafin yanzu an tafi hutun rabin lokaci, yanzu an dawo. Ran Alhamis da Baffa ya shiga Ƙaura wayarsa ta kama sabis, saƙon murya ya sauka daga Maraɗi, ya kawo mini na saurara. Taubashina ne, ana jin hayaniyar teburin mai shayi a bayansa. Ya ce uku da ɗaya ne, Mbappe ya ci ta farko, an gyara bencin da ya karye, kuma Bagobiri yana tambaya ina ɗan Zamfara.